Komitas: Marayan Da Ya Tsince Waƙoƙin Armeniyawa

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na kai ziyara wani ƙauye da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, inda kakata ta wajen uwa ta yi zaman aure har Allah Ya karɓi abinSa. A tsakar gida na tarar an jingine dutsen niƙanta a gindin katanga, kaji suna shan ruwan da ya taru a cikinsa. Da ƙarar dutsen nan nake farkawa ina yaro duk lokacin da muka je hutu, domin tun kafin assalatu take durƙusawa a kansa, tana niƙa tana waƙa. Na yi ƙoƙarin tuno waƙar, sai na ga karin kawai ya rage mini, kalmomin sun tsere. Na tambayi matan gidan, manya da yara, ba a sami wadda ta riƙe ko ɗango ɗaya ba. Injin niƙa ya hutar da mata, wannan alheri ne babu ja, amma ya tafi da waƙar, kuma babu wanda ya rubuta ta.

A hanyata ta komawa Kano, tunanin wani mutum ya yi ta dawo mini, mutumin da ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba ne, bai kuma taɓa taka ƙasar Afirka ta Yamma ba. Sunansa Komitas, limamin coci ne daga al'ummar Armeniyawa, ya mutu tun 1935. Tarihinsa nake so in kawo wa mai karatu a yau, saboda a cikinsa akwai kishin al'umma, akwai ƙyamar ƙabila da abin da take haifarwa, akwai kuma mutanen kirki da suka ƙi bin zalunci ko da daga wajen shugabanninsu ya fito.

Armeniyawa tsohuwar al'umma ce da ke zaune a tsaunukan da ke tsakanin Turkiyya da Iran da Jojiya. Tarihinsu ya nuna cewa wajen shekarar 301 suka karɓi Kiristanci a matsayin addinin ƙasa, kuma wajen 405 wani malaminsu mai suna Mesrop Mashtots ya ƙago musu baƙaƙen rubutu guda 36, waɗanda da su suke rubutu har yau. A ƙarni na 19 ba su da ƙasa ta kansu. An rarraba su tsakanin Rasha da Farisa da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wato ta Santambul, kada mai karatu ya ɗauka tamu ta Sakkwato nake nufi. Abubuwa uku ne suka riƙe su a matsayin al'umma ɗaya: addini da harshe da rubutu.

An haifi Komitas a 1869 a garin Kutahiya da ke yammacin Turkiyya, aka raɗa masa suna Soghomon Soghomoniyan. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin takalma, mahaifiyarsa kuwa masaƙiyar dardumai ce. Bai cika shekara ɗaya ba ta rasu, kakarsa ta ɗauki rainonsa. A 1880 aka tura shi makaranta a garin Bursa, amma bayan 'yan watanni mahaifin ma ya rasu, ya dawo gida maraya gaba da baya yana ɗan shekara 11. Abu ɗaya da kowa ya san shi da shi a unguwa shi ne murya.

Wani abin da ya kamata a lura da shi shi ne, Armeniyawan Kutahiya sun daɗe da barin harshensu, Turkanci suke yi a gida da kasuwa. Saboda haka yaron da daga baya ya zama tutar al'adun Armeniya bai tashi yana jin Armeniyanci ba. A 1881 aka kira wani limamin garin zuwa Echmiyazin, babbar cibiyar cocin Armeniyawa, wadda a lokacin take ƙarƙashin Rasha, aka kuma umarce shi da ya taho da maraya ɗaya domin a sa shi a makarantar horar da limamai. Cikin marayun garin aka zaɓi Soghomon. Da aka gabatar da shi ga shugaban cocin, Gevorg na Huɗu, ya yi masa magana da Armeniyanci, yaro bai gane ba. Sai ya buɗe baki ya rera waƙar ibada da wannan harshen da bai san ma'anarsa ba, kamar yadda almajiri ke rattabo sura tun bai san Larabci ba. Nan take aka karɓe shi.

A makarantar ya koyi harshen iyayensa, ya koyi rubuta karin waƙa, kuma tun yana ɗalibi ya fara fita ƙauyukan da ke kewaye yana sauraron manoma da masu zuwa ziyarar ibada, yana rubuta abin da suke rerawa. Ya kammala a 1893, ya shiga sahun limaman da ba sa aure, aka ba shi sunan Komitas, sunan wani shugaban coci mawallafin waƙoƙi na ƙarni na 7. A 1895 ya sami muƙamin malanta na cocin, ya tafi Tifilis ya ƙara karatu a wajen Makar Yekmaliyan. Daga 1896 zuwa 1899 yana birnin Barlin na Jamus yana nazarin kiɗa da waƙa, wani attajirin man fetur ɗan al'ummarsu, Aleksanda Mantashev, shi ya ɗauki nauyinsa.

Mai karatu ya san halin wasu 'yan bokonmu idan sun dawo daga Turai, sai tuwon gida ya fara yi musu wari. Komitas da ya dawo a 1899 ƙauye ya nufa. A wancan zamani ra'ayin da ya yaɗu, har a tsakanin wasu masana, shi ne Armeniyawa ba su da kiɗa na kansu, aro suka yi daga Turkawa da Farisawa da Rumawa. Shi kuwa ya lura cewa waƙar birni ta cakuɗe da ta maƙwabta, amma a bakin manomi da makiyayi da uwa mai raino akwai wani abu daban. Ya bi su gona da masussuka da gidan biki da gidan makoki. Ya rubuta waƙoƙin huɗa, waɗanda manomi ke rera wa shanunsa yana lallashinsu, ya rubuta na aure da na raino da na masu tafiya ci-rani. Gaba ɗaya ya tattara waƙoƙi sama da 3,000. Ya kuma shafe shekaru yana ƙoƙarin warware tsofaffin alamomin da magabatansu suka rubuta karin waƙoƙin ibada da su, waɗanda aka manta yadda ake karanta su.

Bai tsaya ga na ƙabilarsa kaɗai ba. Ya rubuta waƙoƙin Turkawa da ya tashi yana ji a Kutahiya, kuma a 1903 ya buga tarin waƙoƙin Kurdawa, wanda ake lissafawa a matsayin irinsa na farko da aka taɓa bugawa. Kurdawa Musulmi ne, kuma tsakaninsu da Armeniyawa akwai tsohon rikici a kan ƙasar noma da kiwo, irin wanda muka sani a nan. Duk da haka limamin coci ne ya fara zama ya rubuta musu waƙoƙinsu, domin a wajensa son naka ba ya buƙatar ƙin na wani.

Ƙalubalen farko da ya gamu da shi daga gida ya fito. Wasu manyan limamai sun ga bai dace mai rigar ibada ya riƙa rera waƙoƙin soyayya da na biki ba, ko ya kai waƙoƙin coci dandalin da ake biyan kuɗin shiga. Bayan mutuwar shugaban cocin da ke kare shi, Mikirtich Khirimiyan, a 1907, zama a Echmiyazin ya yi masa wuya. A 1910 ya koma Santambul, inda ya kafa ƙungiyar mawaƙa maza da mata kimanin 300. Ya riga ya gabatar da waƙoƙin a Faris tun 1906, a 1912 aka naɗi muryarsa a faifan garmaho a can, a 1914 kuma ya koma ya yi lacca a taron masana kiɗa na duniya. A Santambul har marubutan Turkawa masu tsananin kishin Turkanci suna gayyatarsa dandalinsu, suna sauraronsa da girmamawa.

Sai dai hadari ya daɗe da haɗuwa. Tsakanin 1894 da 1896 an yi wa Armeniyawa kisan gilla a lardunan gabas, aka sake yi a Adana a 1909. Mulki na haƙiƙa ya riga ya suɓuce daga hannun Sarkin Musulmin Santambul ya koma hannun jam'iyyar matasan Turkawa, wadda Talat da Anwar da Jamal suka yi wa jagoranci. Daular ta sha kaye a yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913, dubban ɗaruruwan Musulmi suka kwararo a matsayin 'yan gudun hijira, zukata cike da ɗaci da tsoro. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojojin Anwar suka sha mummunan kashi a hannun Rasha a farkon 1915, sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi. Gaskiya ne akwai Armeniyawan da suka ɗauki makami a ɓangaren Rasha, amma hukuncin da aka yanke ya hau kan al'umma gaba ɗaya, har da jarirai da tsofaffi.

A daren 24 ga Afrilu, 1915, aka bi gida-gida a Santambul aka kama manyan Armeniyawa sama da 200: marubuta da likitoci da lauyoyi da 'yan jarida da limamai. Komitas na cikinsu. Aka kai shi garin Chankiri, arewa da Ankara. Bayan 'yan makonni aka sako shi tare da wasu 'yan ƙalilan, kuma masu tarihi sun ambaci sa bakin mawaƙin Turkawa Mehmet Emin da marubuciya Halide Edib da jakadan Amurka Henry Morgenthau. Yawancin waɗanda ya baro ba su dawo ba. Mawaƙa Daniyel Varujan da Ruben Sevak, waɗanda aka tsare su tare, an kashe su a watan Agusta na shekarar. A lokaci guda aka kwashe Armeniyawan larduna, aka kashe maza, aka kora mata da yara a ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Dairuz Zur. Ƙiyasin masu tarihi na waɗanda suka mutu ya kama daga 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Mafi yawan masana da ƙasashe da dama, har da Amurka tun 2021, suna kiran wannan kisan ƙare-dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ta yarda an yi asarar rayuka amma ta ƙi wannan suna.

Komitas ya dawo da ransa, amma hankalinsa bai dawo daidai ba. Ya tarar an hargitsa takardunsa, ƙauyukan da ya rubuto waƙoƙinsu da yawa sun zama kufai. Ya shiga firgita da zargi, yana ganin ɗan sanda a kowane lungu. A 1916 aka kwantar da shi a asibiti a Santambul, a 1919 abokansa suka kai shi Faransa, inda ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali, bai sake wani aikin kiɗa ba. Ya mutu ranar 22 ga Oktoba, 1935, a unguwar Biljuwif da ke gefen Faris. A 1936 aka mayar da gawarsa Yerevan, babban birnin Armeniya. Cikin waƙoƙi sama da 3,000 da ya tattara, kimanin 1,200 ne suka tsira. Da su Armeniyawan da suka watsu a Beirut da Halab da Faransa da Amurka suka raini 'ya'yansu. Yau babbar makarantar kiɗa ta Yerevan sunansa take ɗauke da shi, a 2003 aka kafa mutum-mutuminsa a Faris, a 2015 kuma aka buɗe gidan tarihi na musamman dominsa.

Na san akwai mai karatun da zai ji nauyin wannan labari, ganin cewa a ƙarƙashin tutar daular Musulunci abin ya faru. Ni ma na ji. Amma addinin da ya umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu ne bai ba mu damar kawar da kai ba, kuma Musulmin wancan zamani da yawa ba su kawar ba. Shehun Azhar, Salim al-Bishri, ya yi Allah wadai da kisan Adana tun 1909. Jalal Bey, gwamnan Halab kuma daga baya na Konya, ya ƙi aiwatar da umarnin korar, aka tuɓe shi. Husaini Nasimi, hakimin Lije, ya ƙi, aka kashe shi. Sharif Husaini na Makka ya ba da umarnin a kare Armeniyawan da suka tsira, kuma Larabawan ƙauyukan Siriya sun riƙe marayu da dama. Bayan yaƙi kotun sojan daular da kanta ta yanke wa Talat hukuncin kisa a 1919 a bayan idonsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Kutahiya, mahaifar Komitas. Mai mulkin garin a 1915, Fa'iƙ Ali, ya ƙi korar Armeniyawan da ke ƙarƙashinsa duk da matsin lamba, suka zauna a gidajensu a lokacin da ake kwashe na sauran garuruwa. Sa hannu ɗaya ya hana, rayuka dubbai suka tsira.

Kada kuma a ɗauka wanda aka zalunta ba ya zalunci. A yaƙin Karabak na farkon shekarun 1990 dakarun Armeniyawa sun kashe fararen hula 'yan Azarbaijan a Khojali a 1992, dubban ɗaruruwa suka rasa muhallinsu. A 2023 kuma reshe ya juye da mujiya, Armeniyawa sama da 100,000 suka fice daga Karabak cikin 'yan kwanaki. A ɗaya gefen, lokacin da aka harbe ɗan jarida Ba'armeniye Hrant Dink a Santambul a Janairun 2007, dubun dubatar Turkawa ne suka cika titi suna rakiyar gawarsa. Babu al'ummar da aka halitta da mugunta zalla ko da alheri zalla.

Yanzu bari mu dawo gida. Kudancin Jigawa mahaɗa ce: Hausawa da Fulani da Warjawa suna cin kasuwa ɗaya, kuma tsaunukan Ningi suna kusa, inda a shekarun 1840 Malam Hamza na Tsakuwa da almajiransa suka sami mafaka a wajen ƙabilun dutse bayan sun saɓa da Kano, aka kwashe shekaru ana gwabzawa a wannan iyaka. Tsofaffin raunukan nan sun bar mana kalmomi. Mun san wanda muke kira arne, Bafulatani yana da wanda yake kira kaɗo, muna da sunan da muke kiran Ibo da shi, su ma a kudu sun mayar da kalmar aboki ta zama zagi. Kowa na da sunan da yake rage darajar wani da shi, kuma daga irin waɗannan sunaye ake farawa. Mun ga ƙarshensu a Kano a 1953 da 1966, a Zangon Kataf a 1992, a Shagamu a 1999, a Jos a 2001, a Yelwan Shendam da ramuwar gayyar Kano a 2004, da kuma Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a kan hanyarsu ta komawa gida. A wasu mu aka kashe, a wasu mu muka kashe.

Ina da laifina a wannan babi. Muna makarantar kwana akwai wani yaro Bawarje a ajinmu, mai ƙoƙari ƙwarai a lissafi. Ranar ziyara mahaifiyarsa ta zo da ƙunshin gyaɗa, ta yi masa magana da harshensu, shi kuwa ya amsa mata da Hausa yana waige-waige kada mu ji. Mun ji, kuma mun yi mako guda muna kwaikwayon maganarta muna dariya, ni ne ma kan gaba. Daga ranar ban sake jin ya ambaci garinsu ba. Sai da na karanta labarin maraya a gaban Gevorg na Huɗu, yana tsaye bai iya harshen iyayensa ba, na gane abin da muka yi wa yaron nan. Mu Hausawa mun saba kallon kanmu a matsayin waɗanda ake yi wa wariya a Legas ko Fatakwal, mun manta cewa a nan gida mu ne babban kifin da ke haɗiye ƙanana. Harsunan Auyokawa da Teshenawa a nan Jigawa, da na Shirawa a maƙwabciyarmu Bauci, duk sun mutu, Hausa ta maye gurbinsu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin dutse da duwatsun kiɗa, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, amma masu zanen ba su bar mana sunansu ko waƙarsu ba, saboda ba su sami mai rubutawa ba.

Abin da na ɗauka daga rayuwar Komitas shi ne, kishin al'umma aiki ne da ake yi da ƙafa da alƙalami, kuma ma'auninsa shi ne abin da ka adana wa na baya. Mun yi sa'a an naɗi Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Choge, kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi hidimar rubuta waƙoƙin makaɗa. Amma waƙar niƙa da ta daɓe da ta reno da ta gayya, da ta makiyayi a bayan shanu, da ta Warjawa a lokacin girbi, suna bakin tsofaffin da muke binnewa kullum. Komitas da takarda da fensir ya yi nasa, mu kuwa kowannenmu na yawo da na'urar naɗar murya a aljihu. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa za su iya tura ɗalibansu ƙauyuka su naɗo waɗannan, da kowane harshe aka same su. Ga kuma masu riƙe da muƙami cikin masu karanta wannan shafi, hakimi ne ko baturen 'yan sanda ko shugaban ƙaramar hukuma: wata rana takarda za ta iya zuwa teburinka, ko taron matasa ya zo ƙofarka yana neman a miƙa masa baƙo. A ranar, ka tuna da mai mulkin Kutahiya.

Ni dai na koma ƙauyen bayan mako uku. Aka yi mini kwatancen wata tsohuwa, ƙawar kakata, a wata ruga da ke kusa. Ta yi dariya da ta ji abin da ya kawo ni, sannan ta rera mini waƙoƙin niƙa guda bakwai, na naɗa a waya. Ta huɗun ita ce ta kakata, kuma sai a ranar na gane cewa rabin amshinta Fulatanci ne, abin da ya sa kalmomin suka ƙi zama a kaina. Saura abokin karatuna Bawarje. Na fara cigiyarsa, domin ina da bashin neman gafara, kuma idan mahaifiyarsa na raye ina so in zauna a gabanta da wayata. Allah Ya ba mu ikon yi wa kowa adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.